Yadda Za Ka Tsare Sirrin Zirga-zirgarka Idan Ka Ɗauki Mota ko Babur Bashi

A Maraɗi, idan ɗan kabu-kabu ko direban adaidaita sahu ya kwana biyu bai kai wa mai abin hawa kuɗin da suka yi alkawari ba, hanyar nemansa sananniya ce. Za a tura yaro tasha, a tambayi abokan sana'arsa, a je wurin wanda ya tsaya masa ranar da aka ba shi makulli, in abin ya ƙi kuma a kai magana gaban manyan unguwa. Wannan nema ne na ƙafa da baki, kuma yana ƙarewa a ranar da aka ga mutumin. A Amurka kuwa an daɗe da miƙa wannan aiki ga kyamara mai karanta lambar mota da kanta, kuma neman da take yi ba ya ƙarewa, domin abin da ta gani ba ta mantawa da shi. A nan Afirka kuma, na'urorin bin sawu, masu nuna inda abin hawa yake, sun yi araha, kuma kamfanonin da ke ba da babur bashi a Kenya da Uganda da Najeriya sun riga sun saba liƙa su a jikin abin da suka bayar. Saboda haka ya dace mai niyyar ɗaukar abin hawa bashi a garin nan ya san yadda tsarin yake aiki, da abin da zai nema a rubuta masa tun kafin ya karɓi makulli.

Yadda na'urar ke aiki

An fara ƙirƙiro fasahar karanta lambar mota a Ingila a 1976, a sashen binciken kimiyya na ƴan sanda, don farautar motocin sata. Aikinta bai da wuyar ganewa. Kyamara tana ɗaukar hoton motar da ta gifta ko wadda aka ajiye, tana amfani da wani haske da ido ba ya gani domin ta yi aiki ko da dare, sai manhajar kwamfuta ta ware allon lambar daga cikin hoton, ta mayar da shi haruffa da alƙaluma. Tare da lambar ana adana hoton motar, da rana, da sa'a, da ainihin wurin da aka gan ta bisa lissafin tauraron ɗan adam.

Masu karɓo motocin da aka kasa biyan bashinsu a Amurka suna ɗaura irin waɗannan kyamarori a kan motocinsu na janye mota, wasu kuma suna da ƙananan motoci da ba su da wani aiki sai yawo cikin unguwanni da wuraren ajiye motoci suna ɗaukar lamba. Bankuna da kamfanonin ba da bashi suna aika jerin motocin da suke nema, kuma da zarar kyamara ta ci karo da ɗaya daga ciki sai ta sanar da direba. Har zuwa nan babu wanda zai ce an yi zalunci, tunda mai dukiya yana da haƙƙin neman dukiyarsa. Inda gizo ke saƙa shi ne sauran motocin. Kyamarar ba ta san wanda ake bi bashi da wanda ba a bi ba sai bayan ta ɗauke shi, don haka kowa take ɗauka, kuma abin da ta ɗauka ana tura shi rumbun kamfani a ajiye. Kamfanin da ya fi suna a wannan harka shi ne Digital Recognition Network, wanda ake taƙaitawa DRN, mai mazauni a Fort Worth ta jihar Teksas. A 2019 wani binciken ƴan jarida ya nuna cewa rumbunsa ya tara hotunan lambobi sama da biliyan 9, kuma kamfanonin inshora da masu bincike na haya suna biyan kuɗi su duba. A farkon shekarar ta 2019 ne kamfanin Motorola Solutions ya sayi uwar kamfanin, wadda ta haɗa DRN da Vigilant Solutions mai sayar wa ƴan sanda irin wannan hidima, a kan dala miliyan 445, dalar Amurka ke nan ba dalar da muke lissafi da ita a kasuwar Maraɗi ba. Ma'ana, hoton da aka ɗauka don neman motar bashi yana iya ƙarewa a gaban ɗan sanda.

Mai karatu zai iya cewa lambar mota ai a fili take, an rataya ta ne domin kowa ya gani, kuma wannan ita ce hujjar da kamfanonin suka kafa lokacin da suka kai ƙarar jihohin Utah da Arkansas a 2014 kan dokokin da suka taƙaita aikinsu. Hujjar tana da ƙarfi idan ana maganar gani ɗaya. Maƙwabcin da ya ga motarka a ƙofar wani gida a unguwar Zariya ya ga abu guda, gobe ya manta. Amma wanda ya tara gani ɗari na mota ɗaya ya san inda mai ita ke kwana, da masallacin da yake sallar asuba, da asibitin da yake kai iyalinsa, da gidan da yake zuwa zance, da ranar da yake sauka Ɗan Isa ya ƙetara Jibiya sayen kaya. A 2015 wata kafar labarai ta samu bayanan lambobi miliyan 4.6 da ƴan sandan birnin Oakland suka tara, kuma daga cikinsu ta iya nuna layin da wani kansila yake zaune. A Birmingham ta Ingila an kafa kyamarori fiye da 200 a 2010 a unguwanni biyu da Musulmi suka fi yawa, mafi yawansu masu karanta lamba, sai da jama'a suka yi tsaye aka cire su. Ga ɗan kasuwar Maraɗi da ke ɗaukar kuɗi a hannu zuwa kasuwannin ƙauye, a hanyoyin Madarunfa da Gidan Rumji da kowa ya san halin tsaron da suke ciki, sanin ranar fitarsa da sa'ar dawowarsa ba ƙaramin abu ba ne idan ya faɗa hannun da bai dace ba.

Kafin ka sa hannu

Mataki na farko shi ne a rubuta yarjejeniyar, ko da tsakaninka da ɗan uwanka ne ko ubangidanka. Mutanenmu suna jin nauyin neman takarda daga wanda ya yi musu alheri, alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Idan takardar da Faransanci take kuma ba ka iya karanta shi sosai ba, ka tafi da ita gida ka sa wanda ka yarda da shi ya fassara maka layi bayan layi, kada ka dogara da fassarar wanda ke son ka sa hannu.

Sannan ka yi tambaya kai tsaye: shin an liƙa wa wannan abin hawa na'urar bin sawu? Idan an ce eh, kada ka tsaya a nan, domin amsar da ta fi muhimmanci tana gaba. Ka tambayi wane ne yake ganin inda kake, mai dukiyar shi kaɗai ne ko har da yaransa na shago da mai gyaran da ya haɗa na'urar. Irin wannan na'ura tana aiki da layin waya, tana aika bayani zuwa manhajar wani kamfani da sau da yawa ba a ƙasar nan yake ba, kuma duk wanda ke da kalmar sirrin shiga yana iya buɗe taswira a wayarsa ya ga tafiyarka ta jiya da shekaranjiya. Ka nemi a rubuta sunayen waɗanda aka yarda su duba, da dalilin da zai sa a duba. Dalilai biyu ne kawai nake ganin sun cancanta, wato sata da kuma tsallake biya na wasu kwanaki da aka ƙayyade. Mutumin da ke kawo kuɗinsa a kan kari babu hujjar a zauna ana kallonsa, kuma mai ba da bashin da ya ƙi yarda da wannan sharaɗi ya riga ya gaya maka irin zaman da za ku yi.

Ka tambayi tsawon lokacin da ake ajiye tarihin tafiyar. A nan akwai misali mai kyau daga jihar New Hampshire ta Amurka, inda doka ta ce ƴan sanda su goge lambar da ba a nema cikin minti uku. Jihar Kalifoniya kuma tun ranar 1 ga Janairu 2016 ta wajabta wa duk mai amfani da na'urar karanta lamba ya fitar da rubutacciyar manufa mai bayyana wanda ke duba bayanan, da wanda ake ba wa, da lokacin da ake gogewa. Ba za ka samu minti uku daga dillalin babur ba, amma za ka iya neman wata ɗaya ko makamancinsa, kuma a rubuta cewa ba za a ba kowa bayanan ba sai da umarnin hukumar shari'a.

Akwai wata tambaya da yawancin mutane ba sa tunawa da ita. Wasu na'urorin ba bin sawu kaɗai suke yi ba, suna iya hana injin tashi daga nesa. Idan taka irin wannan ce, ka nemi a rubuta cewa za a yi maka gargaɗi kafin a rufe, da adadin kwanakin gargaɗin, da lambar wayar da za ka kira a buɗe maka in larura ta taso, kamar kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Ka kuma tabbatar ba za a taɓa kashe abin hawa yana cikin tafiya ba. Babur ɗin da ya mutu a tsakiyar babbar hanyar Tasawa, manyan motoci na bayansa, ya wuce maganar bashi.

A ƙarshen wannan mataki ka gwada lambar da ke jikin allon da wadda ke cikin takardar rajista, wadda aka fi sani da carte grise, ka gwada lambar shasi ita ma, ka ɗauki hotonsu ka ajiye. Amfanin wannan zai bayyana nan gaba kaɗan.

Abin da dokar Nijar ta ba ka

Nijar tana da dokar kare bayanan mutum. An fara kafa ta a 2017, aka maye gurbinta da doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamba 2022, kuma akwai hukumar da ke kula da ita a Yamai, wadda ake kira HAPDP. Ginshiƙin dokar shi ne cewa wanda ya tara bayanin da za a iya gane mutum da shi dole ya kasance yana da dalili bayyananne, ya sanar da mai bayanin, kada ya yi amfani da shi don wata manufa dabam, kuma kada ya riƙe shi fiye da lokacin da bukatar ta ɗauka. Kai kuma kana da ikon neman a nuna maka abin da aka tara a kanka, a gyara kuskure, a goge abin da bai kamata a ci gaba da riƙewa ba. Tarihin inda motarka ta kwana, haɗe da sunanka da ke cikin yarjejeniya, bayani ne a kanka ko da motar ba ta gama zama taka ba.

Hanyar amfani da wannan haƙƙi ita ce rubutu. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da sunanka da lambar abin hawan da abin da kake nema, ka yi ta biyu, ka sa a buga maka hatimi ko a sa hannu da kwanan wata a kan wadda za ka tafi da ita. Idan an yi shiru ko an ƙi, wannan takardar ce za ka haɗa da kokenka zuwa ga hukumar. Maganar baki a ƙofar shago ba ta zama shaida.

Idan biya ya fara yi maka nauyi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ranar da damina ta hana aiki ko injin ya ci kuɗin mako ba abin kunya ba ce. Kuskuren da ya fi jawo wa mutum a bi sawunsa shi ne ɓuya. Ka riga mai kuɗin magana, ka faɗi ranar da za ka iya kawowa da abin da za ka iya kawowa, ka tura ta saƙon waya domin ya zauna. Duk abin da ka biya, ko jikka ɗaya ce, ka karɓi takardar shaida, in kuma ta kamfanin aika kuɗi ka tura ka adana saƙon. Idan maganar ta kai kotu, dokar karɓar bashi ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda Nijar ke aiki da ita tare da wasu ƙasashe goma sha shida kuma aka sabunta ta a 2023, ta ba alƙali damar jinkirta biya ko rarraba shi har tsawon shekara guda bisa la'akari da halin mai bashi da bukatar mai kuɗi.

Abubuwa uku ne nake gargaɗin mai karatu a kansu, domin na san su ne ke fara zuwa wa mutum a zuciya. Kada ka cire na'urar da ka sa hannu cewa ka yarda da ita, kada ka shafe ko ka lanƙwasa ko ka canja allon lamba, kada kuma ka ƙetara da abin hawan iyaka don ka ɓoye shi a Katsina. Kowanne daga cikinsu yana iya mayar da rigimar kuɗi ta zama tuhumar cin amana ko laifin hanya, kuma duk haƙƙin da kake da shi na kare sirrinka zai yi rauni a gaban alƙali idan kai ne ka fara karya alkawari.

Ranar da aka zo ɗauka

A nan ne ya kamata a raba abin da ake gani a bidiyon Amurka da abin da ya halatta a Nijar. A mafi yawan jihohin Amurka doka ta yarda mai ba da bashi ya ɗauke motar da kansa ba tare da zuwa kotu ba, muddin bai tayar da hatsaniya ba, shi ya sa kyamarar ke da daraja a wurinsu, domin ganin motar da ɗauke ta kusan abu ɗaya ne. A tsarin OHADA kuwa ƙwace dukiya da ƙarfi aikin jami'in zartar da hukunci ne, wanda takardun kotu ke kira huissier, kuma yana yin sa ne bisa takardar da ke da ƙarfin zartarwa ko izinin alƙali. Ba a fara irin wannan aiki kafin ƙarfe takwas na safe ko bayan ƙarfe shida na yamma, ba a yin sa ranar Lahadi ko ranar hutu, sai da izini na musamman. Sanin inda babur yake ta hanyar na'ura bai ba kowa ikon tare ka a hanya ya karɓe makulli ba.

Idan an tare ka, kada ka yi kokawa. Ka tambayi mutumin sunansa da matsayinsa da takardar da ya zo da ita, ka gwada lambar allo da lambar shasi da ke cikinta da na abin hawanka. Wannan gwaji ba ɓata lokaci ba ne, domin na'ura tana kuskure, mutum ma yana yi. A 2009 a San Faransisko na'urar ƴan sanda ta karanta 3 a matsayin 7, aka tsayar da wata mata da bindiga a kan motar da tata ce. A watan Agusta 2020 a Aurora ta jihar Kolorado an kwantar da wata mata da yara a ƙasa saboda lambar motarsu ta yi daidai da ta wani babur da aka sace mai rajistar wata jiha dabam. Waɗannan aikin ƴan sanda ne ba na masu karɓar bashi ba, amma irin kuskuren ɗaya ne, kuma garin da motocin Nijar da na Najeriya ke cuɗanya, ga ƙura da ke rufe allo a lokacin hunturu, ya fi ko'ina bukatar a duba sau biyu. Idan lambobin sun yi daidai kuma takardar ta cika, ka kwashe kayanka, ka ɗauki hoton abin hawan ta kowane gefe, ka karɓi takardar da ke nuna wanda ya ɗauka da lokacin da ya ɗauka. Idan kai da kanka ka zaɓi mayarwa cikin lalama, wannan ma a rubuta shi a gaban shaidu, tare da lissafin abin da ka riga ka biya. In kuwa babu takarda kuma ana nuna ƙarfi, ka nemi a tafi ofishin ƴan sanda ko na jandarma mafi kusa.

Ga mai ba da bashin

Mai dukiya yana da gaskiyarsa, kuma wanda ya taɓa ba da babur aka gudu da shi ba zai ji daɗin a ce masa kada ya sa na'ura ba. Ka sa, amma ka faɗa, ka rubuta. Ka riƙe kalmar sirrin a hannunka, ka canja ta ranar da yaron shago ya bar aiki. Kada ka nuna wa matar direba ko mahaifinsa ko abokin gabarsa inda ya je, ko da sun roƙe ka, domin ka sa na'urar ne don tsaron dukiyarka ba don leƙen asirin gidan wani ba. Haka nan ɗabi'ar ɗora hoton mutum da lambar babur ɗinsa a zaurukan WhatsApp ana cewa a taya nema, ita ce ƙaramar siffar wancan rumbu na Teksas a hannunmu, kuma ta fi shi muni ta fuska ɗaya, domin hoton yana ci gaba da yawo bayan an biya, babu mai iya janye shi. Idan sata ce, ka kai rahoto hukuma. Idan jinkiri ne, ka kira wanda ya tsaya masa.

Ranar biya na ƙarshe

Yawancin mutane suna karɓar takardun mota a wannan rana su tafi da murna, su bar na'urar tana aiki a ƙarƙashin kujera. Ka nemi takardar da ke shaida ka gama biya, ka fara sauya sunan da ke cikin rajista zuwa naka. Daga nan ka nemi a cire na'urar a gabanka, ko kuma, idan kana son ta don tsoron ɓarayi, a cire layin wayar da ke cikinta a sa naka, a buɗe maka sabon asusu a manhajar da kalmar sirrin da kai kaɗai ka sani, tunda canja kalma a tsohon asusu ba ya hana wanda ya buɗe shi komawa ciki. Ka buƙaci a goge tarihin tafiye-tafiyenka na watannin bashin, a rubuta maka cewa an goge. Wanda ya sayi mota ko babur na hannu a wurin dillalai shi ma ya kai wa mai gyaran wayoyin lantarki na mota ya duba bayan allon gaba, da kewayen batir, da ƙarƙashin kujera, ya bi duk wata wayar da ba ta asalin kamfani ba har ya ga inda ta ƙare.